Fitilar Mota Ta Ɗauke: Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsalolin Wutar Mota

Mafi yawan matsalolin wutar mota ba a wuri mai tsada suke ɓuya ba. Ko ƙwai ya ƙone, ko fis ya yanke, ko tsatsa ta ci wurin da waya ke manne da jikin mota. Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne sauya kaya da ka, a cire wannan a sa wancan ko Allah zai sa a dace. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi ƙananan motoci masu batir na volt 12. Manyan motoci masu volt 24 ƙa'idarsu ɗaya ce, lambobin awon ne ke ninkawa.

Fitila ɗaya ta mutu, ɗayar tana ci. Daga ina zan fara?

Daga ƙwan kansa. Tunda gefe ɗaya na ci, a mafi yawan motoci makunni da rile (ƙaramin makunnin da ke haɗa wutar batir da fitila) sun fita daga zargi, domin da su ne da duka biyun sun tafi tare. Kashe mota, bari ƙwan ya huce, ka ciro shi ka ɗaga wajen haske. In siririyar wayar cikinsa ta yanke za ka gani, wani lokaci ma gilashin ya yi baƙi ko toka-toka. Sai dai ido kan yaudari mutum, akwai ƙwan da ke mutuwa ba wata alama. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne musanya: ɗauko ƙwan gefen da ke ci ka sa a gefen da ya mutu. In ya kama, magana ta ƙare. In bai kama ba, duba fis, domin motoci da yawa sun raba wa fitilar hagu nata, ta dama nata. Daga nan sai soket ɗin da ke bayan ƙwan. Robar da ta narke, ko ƙarfen ciki da ya yi baƙi ko ya saki, duk suna hana wuta wucewa.

In ƙwan ne, sauya biyun tare. Ƙwan halojin, wato ƙwan fitila da aka saba da shi mai siririyar waya a ciki, kan yi sa'o'i 500 zuwa 1,000 yana aiki, kuma tunda tare suka fara, na biyun ma ya kusa. Ga shi tsohon ƙwai haskensa ya ragu, sai motar ta zama ido ɗaya ya fi ɗaya.

To in duka biyun suka ɗauke lokaci guda fa?

Da wuya ƙwai biyu su mutu a daƙiƙa ɗaya, don haka nemi abin da suka yi tarayya a kansa: fis, rile, ko makunnin da ke jikin sitiyari. Duk da haka ka leƙa ƙwayayen tukuna. Ana samun wanda ya yi makonni yana tuƙi da fitila ɗaya bai lura ba, sai ranar da ta biyun ta bi sahu.

Rile makunni ne da wuta ke sarrafawa. 'Yar wuta kaɗan daga makunnin sitiyari ke jan maganaɗisun cikinsa, shi kuma ya haɗa babbar wuta daga batir zuwa fitila. Ka sa wani ya kunna fitila, kai kuma ka ɗora yatsa a kansa, ya kamata ka ji ya yi ƙas. Amma jin ƙas ɗin ba shaidar lafiya ba ne, domin maganaɗisun na iya ja alhali bakin da ke haɗa wutar ya ƙone. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba akwatin fis ka samo wani rile mai lamba iri ɗaya, sau da yawa na hon, ka musanya su. Ga mai son auna shi da mita, wato na'urar awon wuta, akasarin rile suna da lambobi a ƙafafunsu: 85 da 86 na maganaɗisu ne, 30 nan wutar batir ke shiga, 87 nan take fita.

Abu biyu kan rikita mai bincike a nan. Wasu tsofaffin motocin Japan, musamman Toyota, wuta na tsaye a ƙwan, makunnin yana haɗa ɓangaren da ke komawa jikin mota ne. Za ka sa testa (abin gwaji mai ɗan ƙwai da ke haskawa in akwai wuta) ka ga wuta, ka ce ai lafiya lau, alhali makunnin ne ya lalace. Sabbin motoci kuwa da dama ba su da rilen fitila da za ka ciro, kwamfutar da ke kula da wutar jikin mota ce ke kunna ta kai tsaye. Irin wannan sai an jona na'urar karanta matsala.

Dim na ci amma ful ba ya ci, ko akasin haka. Me ke nan?

Ya danganta da irin ƙwan. H4 waya biyu ce a cikin gilashi ɗaya, ta ful mai wat 60, ta dim mai wat 55, kuma ɗaya kan yanke ta bar ɗaya. Ta dim ce ta fi saurin mutuwa don ita ake yawan amfani da ita. Motocin da ke amfani da H7 ko H11 ko 9005 da 9006 kuwa kowane aiki da ƙwansa, galibi da fis da rilensa. In gefe biyun ne suka rasa ful tare, gwada jan makunnin kamar za ka yi wa na gaba filashin. In ta haska ta nan amma ba ta tsayawa idan ka tura shi, laifin na cikin makunnin ne.

Fitilar tana ci, amma hasken ja-ja ne, ba ya nisa. Na sauya ƙwai bai canza ba.

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne aka fi asarar kuɗi. Ƙwan halojin ba ya jure ƙarancin wuta ko kaɗan. In wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kan ragu da kusan kashi 30. Wato volt ɗaya da 'yan kai da suka salwanta a hanya sun isa su mayar da fitila mai kyau abin tausayi. Inda suke salwanta kuwa sananne ne: soket mai tsatsa, bakin rile da ya ƙone, wayar da aka taɓa yankewa aka murɗa da hannu aka naɗe da salatef, sai kuma babban mai laifi, wato wayar at, wadda ke mayar da wuta jikin mota.

Kuskuren da ake yi shi ne a zare soket a sa mita, a ga volt 12, a ce wuta na zuwa. Wayar da ta ruɓe saura gashi ɗaya ma za ta nuna maka 12 muddin ba a jan komai ta cikinta. Kamar tiyon ruwa ne da aka taka: in bakinsa a rufe yake za ka ji shi tam, sai ka buɗe ka ga ɗigo yake yi. Saboda haka awon gaskiya ana yin sa ne fitila na kunne, soket na manne, inji na aiki.

Ga yadda ake yi. Sa mita a ma'aunin volt na DC. Ɗora tsinke ɗaya a kan batir mai alamar +, ɗayan kuma ka zura ta bayan soket a ƙafar da wuta ke shiga ƙwan. Lambar da ka gani ita ce wutar da ta ɓace tsakanin batir da fitila, kuma bai kamata ta wuce 0.5 ba. Sai ka koma ɗaya ɓangaren: tsinke ɗaya a kan batir mai alamar −, ɗayan a ƙafar at ta ƙwan. Nan ya kamata ka ga 0.2 ko ƙasa da haka. Duk ɓangaren da ya nuna babbar lamba, bi shi gaɓa-gaɓa da tsinken har ka kai wurin da lambar ta faɗo. Matsalar tana tsakanin nan da wurin da ka auna kafin shi.

In at ce, gyaranta ba wuya. Bi wayar har inda aka ɗaure ta da noti a jikin mota, yawanci kusa da fitilar. Kwance, goge da sanfefa har ƙarfe ya fito fes, ɗaure tamau, shafa ɗan giris a sama don ruwa.

Kafin duk wannan dai, kalli murfin fitilar. Na motocin yanzu roba ce mai ƙarfi, kuma rana kan cinye rufin da aka yi mata har ta dushe ta koma rawaya. Ana goge ta da sanfefa mai laushi da ruwa, a bi da man gogewa, amma in ba a sake fesa mata abin kariya daga rana ba, 'yan watanni za ta koma gidan jiya.

Idan na taka birki sai sigina ta ɗan kama, ko fitilun baya su riƙa kyaftawa tare. Aljanu ne?

At ce ta fitilun baya. Duk ƙwayayen da ke gida ɗaya suna komawa jikin mota ta waya guda. In ta katse ko ta yi tsatsa, wutar ba ta haƙura, sai ta nemi hanya ta cikin ƙwan maƙwabcinta, ya ɗan kama. Wani abin da ke kawo irin wannan shi ne a cusa ƙwai mai ƙafa ɗaya a gurbin mai ƙafa biyu, irin mai wat 21 da 5 da ke yin birki da fitilar dare tare.

Sigina tana kyaftawa da sauri a gefe ɗaya.

Ƙwai ɗaya ya ƙone a gefen, gaba ko baya. Da gangan aka ƙera ta haka don direba ya sani. In kwanan nan ka sa ƙwan LED, ƙarancin wutar da yake ja ne ya sa motar ta ɗauka ya mutu.

Fis yana ta yankewa. In sa wanda ya fi shi girma?

A'a. Kada kuma ka yarda a naɗa masa waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari. Fis ba fitila yake karewa ba, wayar yake karewa. An zaɓi girmansa ne daidai da abin da wayar za ta iya ɗauka, don ya riga ta ƙonewa. In ka sa mai amp 30 a gurbin mai 10, ka ɗauke aikin yankewa daga kansa ka ɗora wa wayar, ita kuma tana cikin damin wayoyi a ƙarƙashin dashbod, kusa da roba da kafet. Ta haka motoci ke kamawa da wuta.

Launi ke nuna girman fis mai ƙafa biyu da aka fi amfani da shi: ja amp 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garai-garai 25, kore 30, ruwan ƙasa 7.5. Girman da ya dace da kowane gurbi yana rubuce a murfin akwatin ko a littafin motar. Bi abin da ke rubuce, ba abin da ka tarar a ciki ba, don ba ka san wanda ya riga ka zuwa wurin ba.

Fis ɗin da ya yanke sau ɗaya cikin shekaru na iya zama gajiya ce. Wanda ya sake yankewa kuwa yana gaya maka akwai wayar da ta kware tana taɓa jikin mota, sauya shi kawai kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Lura da lokacin da yake yankewa. Da zarar ka sa shi? Sai ka kunna wani abu? Sai an faɗa rami, ko bayan ruwan sama? Wuraren da waya ta fi kwarewa su ne inda take lanƙwashewa kullum, kamar robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota da ta murfin but, da inda ta ratsa ƙarfe, da kusa da salansa mai zafi. Ɓeraye ma suna cin waya a motar da ta daɗe a ajiye. Fiye da duka, duba duk abin da aka ƙara wa motar bayan fitowarta daga kamfani: rediyo, ƙarin fitila, na'urar bin sawu, ƙararrawar ɓarayi.

Akwai dabarar da ke hana ɓarnar fis wajen nema. Zare ƙwayaye da duk abin da ke kan layin, ka jona ƙwai mai wat 21 a gurbin fis ɗin da wayoyi biyu. Muddin wayar na taɓa jikin mota ƙwan zai haska sosai, ba abin da zai ƙone. Sai ka bi damin wayoyin kana girgizawa. Inda ka taɓa ƙwan ya mutu ko ya kyafta, ka iso.

Me ya sa ƙwan fitilata ke yawan ƙonewa?

Auna cajin alteneto tukuna, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki. Inji na aiki, mita a kan batir ya kamata ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7. In tana kai wa 15 ko fiye, abin daidaita cajin ya lalace, kuma ƙarin kashi 5 cikin 100 kacal kan raba rayuwar ƙwan halojin gida biyu. Batir ɗin ma yana dahuwa. In caji daidai ne, duba ko ƙwan ya zauna daram a gurbinsa, don girgiza na tsinka wayar ciki. Kada ka taɓa gilashin halojin da yatsa, maiƙon hannu kan sa wurin ya yi zafi fiye da kima har ya kumbura. In an taɓa, a goge da sifirit. Sauran kuwa ingancin ƙwan ne, kuma araha ba ta ado.

Fitila na dushewa in mota na silo, ta haskaka in na taka totur.

Ɗan canji kaɗan ba komai ba ne, musamman in esi da fanka na aiki. In ya yi yawa, ko hasken na rawa, duba belin da ke juya alteneto ko ya saki, duba kawunan batir ko sun yi farin gari, sannan ka auna caji da fitila da fanka a kunne. Ƙasa da 13 a wannan hali, ko da ka ɗan taka totur, alama ce alteneto ya gaza. Wasu sabbin motoci suna rage caji da gangan in batir ya cika, don haka a kansu kada ka yanke hukunci da awo ɗaya.

Akwai gwajin da har yanzu wasu ke yi, na cire kan batir inji na aiki don a ga ko motar za ta mutu. Kada ka bari a yi maka shi. Batir ne ke shanye tsallen wutar alteneto, in aka cire shi wutar na iya yin sama ta ƙona kwamfutar motar. Abin da mita za ta faɗa maka cikin minti ɗaya bai kai a yi masa wannan caca ba.

Batir na mutuwa in mota ta kwana. Batir ɗin ne ko wani abu ke shan wutar?

Batir mai lafiya da ya cika, bayan ya huta sa'o'i, yakan nuna 12.6. In ya nuna 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa kusan babu komai. Yawancinsu shekara 3 zuwa 5 suke yi, zafi na rage musu kwana. Gwaji mai sauƙi: caja shi ya cika, cire kan − ya kwana. In da safe ya faɗi shi kaɗai, batir ɗin ya gama. In ya riƙe, wani abu ne a motar ke sha.

Don gano shi, sa mita a ma'aunin amp 10, ka jona ta tsakanin kan − na batir da wayar da ka cire. Rufe ƙofofi, zare makulli, jira. Kwamfutocin mota kan ɗauki rabin sa'a, wasu har sa'a guda, kafin su yi barci. Bayan nan abin da ake ja bai kamata ya wuce 0.05 ba. In ya wuce, riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗo. Kada ka yi ƙoƙarin tayar da mota mita na jone haka, za ta ƙone nan take. Kada kuma ka raina ƙaramin abu: ƙwan but mai wat 5 da bai mutu ba yana jan kusan amp 0.4, wato cikin sa'o'i 24 ya sha wutar da ta kai ta jan amp 10 na sa'a guda, kwanaki kaɗan sun isa ya durƙusar da batir. In ka zare duk fis lambar ba ta motsa ba, zargi alteneto, domin in dayod ɗinsa, wato abin da ke hana wuta komawa baya, ya lalace wuta kan koma ta cikinsa.

Na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas kawai nake ji.

Kunna fitilun gaba ka sake murɗawa kana kallonsu. In sun dushe sosai ko sun mutu, batir ne ya yi rauni ko kawunansa sun saki. In sun tsaya da haskensu ba abin da ya motsa, wutar ba ta kai wa ga kik ba ne, ko kik ɗin kansa ya lalace.

In za a jona da wata mota, ja daga + zuwa + tukuna, sannan baƙi daga − na mai lafiya zuwa wani ƙarfe a jikin injin wadda ta mutu, nesa da batir. Dalili shi ne batir na fitar da iskar haidirojin, tartsatsi kusa da shi na iya fasa shi. Haka in za ka cire batir, − ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Ina son ƙarin haske. In sa ƙwai mai wat 100, ko na LED?

Mai wat 100 yana jan kusan ninki biyu na abin da aka tsara wa wayar da soket ɗin. Ƙarshensa narkakken soket, wani lokaci har da makunni da madubin cikin fitilar. Na LED kuwa matsalarsa daban ce. An ƙera madubin fitilar halojin ne bisa wurin da siririyar wayar ƙwan take, daidai da milimita. In hasken ya fito daga wani wuri dabam, sai ya watsu sama. Kai za ka ga gabanka fari fat ka ji daɗi, amma nesa ba ta ƙaru ba, mai zuwa ta gabanka kuma ka kashe masa ido. Wasu motocin za su nuna alamar ƙwai ya mutu, ko hasken ya riƙa kyaftawa, kuma ƙasashe da dama sun hana wannan sauyi a titi. A ganina, wanda ya gyara at, ya goge murfi, ya sa halojin mai kyau, ya daidaita saitin fitila, zai samu abin da yake nema.

Saitin ma da kanka za ka iya dubawa. Tsayar da mota a wuri mai shafe, mita 10 daga bango. Yawancin fitilu an rubuta musu kashi 1 cikin 100 ko kusa da haka a jikinsu, ma'ana layin saman hasken dim ya sauka da santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar.

Fitilata irin ta zenon ce, ta koma ruwan hoda tana ɗaukewa.

Ƙwan ya tsufa. In kuma yana kamawa wani lokaci ya ƙi wani lokaci, yana iya zama balas ɗin da ke kunna shi, musanya gefe da gefe zai bambance. Sai dai ka sani, balas na harba sama da volt 20,000 wajen kunnawa. Ba a taɓa shi sai an kashe komai an cire batir.

Raɓa ta taru cikin fitilar. Matsala ce?

Ɗan hazo da ke bushewa in fitila ta yi zafi ba komai, gidan fitilar yana da ƙofofin numfashi. Ɗigon ruwa da ke kwanciya a ƙasa kuwa yana nufin murfin baya bai rufu ba, ko gidan ya tsage. In aka bar shi, zai ci soket da madubi.

Wane aiki ne bai kamata in taɓa da kaina ba?

Wayoyi masu ruwan lemo a motocin lantarki da masu haɗa fetur da lantarki, suna ɗauke da ɗaruruwan volt masu kisa. Soket masu launin rawaya na jakar iskar da ke kare mutum a lokacin hatsari, waɗanda sa musu testa kaɗai na iya sa jakar ta fashe. Da duk wayar da ke shiga kwamfuta, wadda mita ake sa mata ba testa mai ƙwai ba. In ka ji ƙaurin roba ko ka ga hayaƙi, tsaya, kashe inji, cire kan − na batir in da hali.

In za ka je wurin mai gyaran wutar mota, tafi da bayani: wace fitila, gefe ɗaya ko biyu, kullum ko jefi-jefi, da sanyi ko bayan inji ya yi zafi, da aikin ƙarshe da aka yi wa motar kafin matsalar ta fara. In ya ce a sayi alteneto ko kwamfuta, ka roƙe shi ya nuna maka awon da ya kai shi ga wannan hukunci. Duk wayar da ya yanke kuma, ya haɗa ta da dalma ko maɗauri na matsewa, ya rufe da robar da ke tsukewa da zafi.